Baitin da Aka Rera da Baki a Rufe

Ranaku da yawa sun wuce ni a gaban na'urar ɗaukar sauti, yawancinsu na manta su, amma ban da ranar da Ustaz Basim ya turo ƙofar situdiyonmu na Rusaifa da jakar takardu a hammata, wani dattijo na biye da shi yana dogara sanda. Tunda kun dame ni da tambayar fayil ɗin nan da na hana kowa taɓawa, yau zan ba ku labarinsa in huta.

Bari in fara da yadda aikin yake, don na san labarin zai kai kunnen waɗanda ba su taɓa shiga situdiyo ba. A nan Makka yawancin abin da muke ɗauka nashidi ne, wato waƙar addini, da waƙoƙin bikin kammala karatu, da zaffa, wadda ake sakawa lokacin shigowar ango ko amarya. Akasarin masu kawo mana aiki ba sa son kayan kiɗa, saboda haka muke cike gurbinsu da abin da ake kira ahat, wato muryoyi masu jan karin waƙa ba tare da kalma ba, wani lokaci da baki a buɗe, wani lokaci a rufe. A saman kowa akwai mudir, Abu Rayyan, Balaraben Makka, shi ke da wurin kuma shi ke magana da masu kawo aiki. Ƙarƙashinsa sai muhandis, wato ni, Garba, ko da yake ban taɓa leƙa ajin injiniyanci ba. A garin nan in ka shekara kana murɗa maɓalli ba ka ƙona komai ba, an naɗa ka. Sai mataimaka irinku, masu jan waya da kafa makirufo. Mutane suna zaton aikin muhandis ɗauka ne. Ɗauka kowa ya iya. Aikin yanka ne: numfashin da ya yi ƙarfi, tari, ƙarar kujera, hon ɗin motar da ta wuce a titi. Da wuƙa nake cin abinci, sai dai tawa a cikin kwamfuta take.

Lokacin bayan hajji ne, cikin Muharram, alhazai sun watse, aiki ya yi sanyi. Ustaz Basim haifaffen unguwar Zahir ne, jikan Hausawa. Ya yi karatun nota a Masar, wato rubutun da ake rubuta karin waƙa da shi, yana kuma koyar da murya a wata cibiya a Jidda. Hausarsa irin ta 'ya'yanmu na nan ce, tana fara tafiya sai ta gaji ta hau Larabci.

Dattijon kuwa Baba Isiyaku ne, tela daga Nakkasa, unguwar nan da ke kan tudu. Duk wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure ko suna a kan tudun nan ya san muryarsa. Yana ƙaramin yaro ubansa ya taho da shi daga Ƙonni ta hanyar Sudan. Uban ya rasu a nan, shi kuma ya zauna, ba iƙama, wato takardar zama, ba fasfo, har gemunsa ya yi fari. A shekarar ne rusau ya kai layinsu, ya koma zama wajen 'yarsa a Zahir. Kafin ya sauko daga tudun ya tsara waƙa a kansa, ya ambaci matakalar da ake hawa da galan ɗin ruwa, da ƙofofin langa-langa, da maƙwabtan da suka watse kowa ya kama gabansa. Basim ya ji ta a wani taron suna, ta shiga ransa ta zauna.

Ga abin da ya kawo su. Akwai wata gasa da ake yi a wata ƙasar Turai, ana gayyatar masu tsara kari daga ko'ina a duniya su aiko da sabon aiki na koral, wato waƙar da taron mutane ke rerawa da muryoyi hawa-hawa, masu kauri a ƙasa, masu siriri a sama, ba ganga ba garaya. Manufarsu a samu sababbin waƙoƙi, don ƙungiyoyinsu sun daɗe suna maimaita na kakanni. Baitocin suna iya zama na wani, da kowane harshe, amma tsarin muryoyin dole ya zama sabo fil. Ana aika nota, da fassarar baitoci, da izinin marubucinsu, da sautin gwaji don alƙalai su ji. Ayyukan da aka zaɓa, wata ƙwararriyar ƙungiya ce ke rera su a bikin rufewa. Sai sharaɗi ɗaya da suka ja wa layi: kada sunan masu aikin ya fito ko'ina, ko a nota, ko a baiti, ko a sauti. Lamba ake ba kowane aiki, ba a buɗe sunaye sai an gama hukunci, don kada alƙali ya yi son kai. Wanda ya saɓa, ko duba aikinsa ba a yi.

Basim ya kwashe watanni yana ɗora muryoyi a kan karin Baba. Mutanen da za su rera sautin gwajin 'yan amshin Baba ne na kullum: direba, mai sayar da turare, masu tura keken alhazai a Harami. Babu wanda ya iya karanta nota a cikinsu, da kunne ya koya musu, kashi-kashi. Mudir ya karɓi aikin da hannu biyu saboda yana son sunan situdiyonsa ya ƙetare teku. Ni kuwa ba a tambaye ni ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A ƙa'ida mukan ɗauki kowace murya ita kaɗai, daga baya mu jera su. Waɗannan mutanen ba sa iya haka. In ka keɓe mutum ɗaya ka sa masa abin saurare a kunne, sai ya tsaya yana raba ido yana jiran 'yan'uwansa. Dole na jera su gaba ɗaya a babban ɗaki, na kewaye su da makirufo, ni kuma na koma bayan gilashi. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Ranar gwajin farko, bayan la'asar, suka fara. Gaskiya ban taɓa jin irinta ba. Waƙar da na saba ji jagora ya ja 'yan amshi su karɓa, sai ga ta ta zama kamar gini mai hawa, kowane kashi na ɗauke da wanda ke samansa. Aka kai ƙarshen nota, Basim ya dunƙule hannu a sama alamar an gama. Babu wanda ya tsaya. Baba ya ja numfashi ya shiga wani baiti, mutanen suka bi shi yadda suka saba:

Kowa ya tambayi wanda yat tsara,
Isiyaku na, ɗan Mamman na Ƙonni.
Shi yaɗ ɗauko ni bisa kafaɗatai
Har Makka, nan yak kwanta yab bar ni.
Ya Rabbu, jiƙan shi, Ka yafe mai,
In nawa ya zo, kusa da shi Ka sa ni.

Basim ya jira suka sauke, ya ce, "Ya ammi, halas, ai mun gama tun can baya."

Baba ya ce, "Mun gama ina? Baitin rufewa fa?"

"Wannan na cire shi, ya ammi. Tauƙi'i ne kawai, sa hannu. Ism mamnu'u. An hana suna."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya dube shi sama da ƙasa yadda tela ke duban wanda zai auna, ya ce, "Kai ɗan nan, ka taɓa ganin an ɗinka riga ba a fid da wuya ba? Ta ina mai ita za ya shiga?"

A nan kuskuren yake, kuma kuskure ne irin na wanda ya gaji Hausa bai tashi a cikinta ba. Basim ya ɗauka baitin sa hannu ne irin na ƙasan wasiƙa, wanda ana iya rufe shi da ɗan yatsa a karanta saura. A wurin marubutan waƙa na Hausa ba haka ba ne. Mutum yakan buɗe da sunan Allah da salati, ya rufe da sunansa da na ubansa, ya roƙa musu gafara. Ba alfahari ba ne. In an ga kuskure a san wanda za a kama, in an ga alheri a san wanda za a yi wa addu'a. Waƙar da ba ta kai nan ba, a wurinsu ba a gama ta ba.

Basim ya shiga bayani, Hausa ta ƙare masa, ya yafito ni in fassara. Na fito na faɗi sharaɗin gasar yadda yake, ban ƙara ba ban rage ba. Baba ya saurara har na kai aya, sannan ya ce:

"Garba, gaya mai. Ni ba ni da takarda ko guda mai sunana a ƙasag ga. Gidan da ake kira gidan Isiyaku tela, katafila ta cinye shi. Kabarin ubana, kai ma ka san nan ba a sa alama, in na tafi maƙabarta sai dai in yi sallama ga jama'a duka. Wuri guda yar rage da ake kiran sunan Mamman, shi kuma kun ce a yanke. In Turawa ba su son suna, su bar min waƙata."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Mutanensa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na yi mana sallama cikin ladabi, abin da ya fi zagi ciwo. Basim ya zauna a kan akwatin lasifika ya dafe kai. Ranar rufe karɓar aiki ta matso, kuma ba izinin Baba ba shiga. In ya bar baitin an kore shi, in ya cire an hana shi waƙar. Na tausaya masa, na kuma tausaya wa tsohon, amma tausayi ba ya cikin abin da aka ɗauke ni yi, sai na shiga naɗe wayoyi.

Da mudir ya ji abin da ya faru ya kira ni ofis. Shi ba ya jin Hausa, kuma a ganinsa babu wata matsala. Ya ce, "Ya muhandis, ina mushkilar take? Ku lallashe shi ya dawo, ku ɗauka duka har da baitinsa, ya tafi gida yana murna. Bayan ya fita ka yanke. Yaushe zai je Turai ya ji?"

Na ce, "Ya mudir, sai in shi ya ce in yanke."

Ya ce, "Kullum yanka kake yi daga safe zuwa yamma, yau ne wuƙarka ta dakushe?"

Na ce, "Tari nake yankewa, ya mudir. Ba a taɓa samun wanda ya dawo ya ce a mayar masa da tarinsa ba."

Bai ji daɗi ba. Ya ce to in nemo mafita da kaina, kada ɗakinsa ya zauna ba aiki. Kada ku ɗauka wata jarumta na yi. Ƙa'ida ce da na tarar a hannun wanda ya koya mini aiki, kuma na san garin nan ƙarami ne, abin da ka yanke a Rusaifa da hantsi ana zancensa a Zahir kafin magariba. Basim ma da aka gaya masa shawarar ya ƙi. Ya kuma ƙi wata da ɗaya daga cikin 'yan amshin ya kawo, wai a bar baitin a ƙi fassara shi, tunda alƙalan ba Hausa suke ji ba. Ya ce ba zai shiga gasa da ƙarya ba.

Mafitar daga cikin aikinmu na kullum ta fito, ba wata hikima ba ce. Ina gyara ahat na wata zaffa sai na ga abin da ke gabana. Na kira Basim na ce masa, "Sun hana suna, sun hana kari?" Ya ce a'a. Na ce to a bar baitin a wurinsa, da tsawonsa da karinsa, a rera shi da baki a rufe.

Ni aka tura wajen Baba. Na same shi a ƙofar gidan 'yarsa ya kafa keken ɗinki a inuwa, yana rage wa wani ƙafar wando. Muka gaisa, ya sa aka kawo shayi, ya bar ni na sha kafin ya ba ni fuskar magana. Na yi masa bayani.

Ya ce, "Wato in yi waƙa kamar wanda aka cusa ma tuwo a baki."

Na ce, "Kusan haka, Baba."

"Tsawon baitin za ya ragu?"

"Ko kaɗan."

"Wani abu za a sa wurin sunan?"

"Ba abin da za a sa. Wurin yana nan, ba wanda zai zauna a kai."

Ya ci gaba da taka keke har ya kai ƙarshen ɗinkin, ya ciji zare. Sannan ya ce, "Kakan yaron ga Basim maƙwabcina na, shi yak kama min gawar ubana muka kai. Don shi zan yi, ba don Turawa ba. Amma ni ba ni gunji. In an kai wurin, bakina a rufe, ku yi abinku."

Ranar ɗauka ta zo. Na jera su kamar wancan karon, Basim ya yi musu bayani da Hausarsa da hannayensa, kowa ya gyaɗa kai. Baba ya ja waƙar tun daga farko, muryarsa ta tsufa amma ba ta karkace ba. Da aka kai baitin ƙarshe ya ja baya daga makirufo ya zauna a kujera, ya ɗora haɓa a kan sandarsa. Mutanen suka rufe baki suka ja karin. Ta gilashi ina ganin leɓɓansa suna motsi, ba sauti. Su ma suna ganinsa. Karin ya gangara zuwa ƙarshe, Basim ya ɗaga hannu zai rufe, sai kawai ɗakin ya ɗauka: "Amin." Ba tare suka faɗa ba, wani ya riga wani, ƙasa-ƙasa, yadda ake faɗa a bakin kabari.

Basim ya ce, "La, la, ya jama'a! Ba amin a nota! A sake."

Aka sake daga tsakiya. Aka kai wurin, amin ta sake fitowa, wannan karon daga masu muryar ƙasa kaɗai, suna faɗa suna toshe baki. Aka sake. Wanda ya daure a wannan karon shi zai kasa a na gaba. Basim ya fara gumi duk da na'urar sanyaya ɗaki. Alhaji Tanko mai turare, babba a cikin 'yan amshin, ya ce, "Ustaz, ka yi haƙuri, wallahi ba da gangan ba ne. A yi wa mamaci addu'a mu yi shiru? Bakin ne ke faɗa, ba mu ba."

Basim ya ce, "Wace addu'a? Ai ba a ji addu'ar ba!"

Alhaji Tanko ya ce, "Mu mun ji."

Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma ranar ban iya cewa ga wawan ba. Aka kira magariba muka tashi da abin da muka samu. Basim ya ce ba komai, muhandis zai share ta. Wannan kam hurumina ne, sautin da ba ya cikin nota hayaniya ne, kuma masu shi da kansu sun ce kuskure ne.

Washegari na zauna da wuƙata. To kun tuna na ce a ɗaki ɗaya na ɗauke su. Amin ɗin ta shiga kowace makirufo, kuma ta faɗo ne a kan jelar gunjin tun bai gama mutuwa ba. In na yanke ta sai na haɗa da jelar, waƙar ta tsaya cak kamar an ɗauke wuta. Na yi dabarun da na sani, na rage, na shafe, na ɗauko jela daga wani ɗaukan na liƙa. Ya fita dai, wanda ba ɗan sana'a ba ba zai gane ba. Na kira Basim na kunna masa guda biyun, na gyara da na asali, ban ce masa komai ba, don zaɓi nasa ne.

Ya ji na gyara ya ce, "Tayyib, mumtaz." Sannan ya ce in sa ɗayan. Ya ji, ya ce in maimaita. Na maimaita. Daga nan ya buɗe jakarsa ya ciro nota da fensir, ya ƙara layi a ƙarshe, ya rubuta amin a cikin aikin, ya yi bayani a sama cewa kowane mai rerawa ya faɗe ta a lokacin da ya ga dama, ƙasa-ƙasa, kada su haɗa baki. A cikin fassarar kuma, a wurin baitin, ya rubuta gaskiya: a nan marubucin ya ambaci sunansa da na mahaifinsa ya yi addu'a, dokar gasa ta hana suna, saboda haka ake rera shi da baki a rufe. Aikin yini guda da na yi ya tafi kwandon shara. Aka aika, aka ba mu lamba, kowa ya koma harkarsa.

Sakamako ya fito wajen Rajab. Ba mu zo na ɗaya ba, wani ne daga gabashin Asiya ya ɗauka. Amma aikin yana cikin 'yan kaɗan da aka zaɓa a rera a bikin rufewa. Tunda an buɗe sunaye, Basim ya rubuta musu ya roƙi a mayar da kalmomin baitin. Suka amsa cikin ladabi cewa yadda aka yi hukunci a kan aiki haka ake rera shi, amma za su buga sunan marubucin a ɗan littafin da ake raba wa 'yan kallo. Basim ya tafi bikin. Baba ba a ma yi zancen tafiyarsa ba, wanda ba shi da fasfo ina za shi.

Bayan Basim ya dawo ya kawo tsohon situdiyo don ya ji yadda aka rera waƙarsa da lasifika mai kyau. Ya fara nuna masa ɗan littafin, ya ɗora yatsa a kan sunan. Baba da ajami yake karatu, boko bai san ta ba. Ya kalli wurin da yatsan yake, ya ce, "To, madalla," ya miƙa masa abinsa. Na ga fuskar Basim ta canza.

Na zaunar da shi a ɗakin ɗauka, a kujerar da ya zauna wancan karon, don nan ne sauti ya fi fita, na kunna bidiyon bikin a allon bango. Ga maza nan reras cikin baƙaƙen kaya, a wani babban zaure, ba ɗaya da ya taɓa jin sunan Nakkasa kafin wannan aikin. Suka fara. Hausar dai ga ta nan, sun yi iya yinsu. Baba yana ji yana girgiza kai, wani wurin ya yi tsaki, wani wurin ya ce, "A'a, nan sun kama." Har aka gangaro baitin ƙarshe, mutanen suka rufe baki suka shiga gunji, zauren ya yi tsit.

Sai na ga ya jingine sandarsa ya miƙe tsaye. Ya ja numfashi a daidai inda ya saba ja, ya shiga baitin da cikakkiyar murya, a kan gunjinsu, kamar yadda yake yi a kan na Alhaji Tanko da sauran. Isiyaku na, ɗan Mamman na Ƙonni. Bai yi gaba ba bai yi baya ba, wurin da aka bar masa yana nan daidai tsawonsa. Ya kai ga "kusa da shi Ka sa ni," ya sauke. Mutanen nan na cikin allo, ɗaya bayan ɗaya, ƙasa-ƙasa, suka ce amin.

Ba na cikin masu saurin hawaye, kun san ni. Amma ranar sai da na sunkuya ina gyara wayar da ba abin da ya same ta. Basim kuwa bai ɓoye nasa ba.

Baba ya zauna, ya yi tari, ya ɗauki sandarsa. Ya ce, "'Yan amshin ga ba su da laifi. Sai dai wanda ke gefe can yana cika sauri, Basim, ka gaya mai."

Kun san ɗabi'ata, in dai akwai mutum a ɗakin ɗauka makirufo a buɗe take, na'ura na tafiya. Na fito na gaya masa cewa abin da ya yi ya shiga, in ya ce in goge yanzu zan goge. Ya ce, "Da sunan a ciki?" Na ce da shi. Ya ce, "To bar shi. Ka ba 'yata guda."

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni sauran aikina. Masu gasar ba su yi laifi ba, dokarsu don adalci suka kafa ta, kuma ta yi aikinta. Sai dai doka takarda take gani, mu kuwa mutane ne ke tsayawa a gabanmu. Za a yi ta kawo muku aiki a ce wannan ba ya cikin rubutu, a share. Yawanci gaskiya ne, ku share. Amma kafin ku sa wuƙa ku tambaya na wane ne, ku kuma saurara sau ɗaya da kunnen mai shi. Na kusa zubar da abin da ya fi komai kyau a aikin nan, kuma da na yi, ba wanda zai ce ban iya aiki ba.

Fayil ɗin ke nan da kuke gani. Akwai ƙarar kujera a farkonsa, akwai tari a ƙarshensa, akwai shessheƙar Ustaz Basim a tsakiya. Ban taɓa ko ɗaya ba, ku ma kada ku taɓa. Duk fayilolin situdiyon nan lamba muke ba su, haka tsarin mudir yake. Wannan kaɗai na saɓa masa. Ku duba abin da ke rubuce a kai: Isiyaku ɗan Mamman na Ƙonni.